Katin da Yaya Ya Kife

"Maigida, da furfurarka kana gadin kati? Yau zan ɗauke teburin nan," in ji matarsa.

Shi ya ƙirƙiro wasan katin, shi ya kafa dokar: katin tarko a kife yake zama, ba a buɗe shi sai abokin karawa ya kai hari. Yayansa ya kife ɗaya, ya rasu ba su ƙarasa ba. Tun lokacin gogan ya ƙi kai hari, don kada wasansu ya ƙare.

Ya yi bismilla, ya kai harin, ya buɗe.

Katin da ke dawo da wanda ya fita daga wasa ne. Alhali shi da kansa ya zana wannan katin bayan rasuwar Yaya, ko maɗaba'a bai kai shi ba tukuna.