Ƙullun Inna a Kwata

Inna tana da wata 'yar tukunya da take ajiye tsohon ƙullu a ciki, wanda kakata ta ba ta tun daga Dogondutsi. Kullum takan ɗebi kaɗan ta zuba a sabon kwaɓi, burodinta ya fito da ɓawo mai ƙarfi da ɗan tsami mai daɗi.

Wata la'asar Gwaggo, yayar Baba, ta zo gidanmu a unguwar Yantala da burodin kanti cikin leda, fari fat, yankakke, laushi kamar auduga. Ta buɗe tukunyar Inna, ta toshe hanci.

"Ke Rabi, ruɓaɓɓen abu kike ba 'ya'yan ƙanena? Ko akuya ba ta cin wannan!"

Ta juye shi a kwata. Durƙusawa Inna ta yi tana kallon ƙullun mahaifiyarta yana bin ruwan wanke-wanke.

Yau ni ke gasa irin burodin Inna, manyan Yamai har layi suke yi. Gwaggo ta tsufa, likita ya hana ta farin burodi saboda ciwon sukari. Jiya ta aiko a ba ta nawa burodin.

Na ce a gaya mata akuyoyi sun riga ta.