Gudun Agwagwa

"Takalmi ne ya cuce ni, likita," in ji Koci, yana shafa kumburarriyar gwiwarsa. Mutumin da ya tsufa yana koyar da gudu, ai ƙafarsa ba ta laifi.

Likita ba ta musa ba. Ta kunna masa bidiyon wani mai gudu, daga ƙugu zuwa ƙasa. "Duba min wannan tukuna."

Koci ya tuntsire da dariya. "Kai! Gwiwa na lanƙwashewa ciki, dunduniya na dukan ƙasa kamar da gayya! Gudun agwagwa ke nan. Wannan ko wata ba zai yi ba zai gurgunce."

"Matarka ce ta ɗauka kafin ka ji ciwo. Ƙafafunka ne."

Koci ya ƙura wa bidiyon ido, ya yi gyaran murya.

"Amma dai agwagwar akwai sauri, ko?"