Injin da Clive Ya Bayar Kyauta

"Ɗauki wannan, maƙwabci, kyauta na ba ka," in ji Clive, yana yaye buhu daga kan wani tsohon inji mai tsatsa.

Shi da maƙwabcin nasa Desmond kowa na ƙera kwaikwayon motar tseren Ingila ta zamanin kakanni, saboda gasar ƙauyensu. Ta Desmond ta fi kyau, abin da ya hana Clive jin daɗin shayinsa. Shi ya sa Clive ya ba shi wannan gawar injin, ya kuma saka sabon injin Japan a tasa.

Ranar gasa, murɗawa ɗaya motar Clive ta tashi. Alƙalai suka yamutsa fuska.

Ta Desmond kuwa ta yi tari, ta turnuƙe fili da hayaƙi, ta tsiyayar da baƙin mai a kan ciyawa, sannan ta mutu. Clive ya ɓoye murmushinsa.

Babban alƙalin, wani dattijo, ya share ƙwalla. "Sak ta mahaifina. Kullum sai mun tura."

Ya miƙa wa Desmond kofin.

"Clive, mutumin kirki," in ji Desmond, "zo ka taya ni tura ta gida."