Gargaɗin Makiyayi a Gida Arba'in

Hajiya, kin ce 'ya'yanki sun dame ki da zancen wani dandalin sada zumunta wanda ba shi da mai shi, inda ake ajiye kowane rubutu a dubban na'urori a sarƙe da juna, wai shi bulokcen. Kin tambaye ni ko alheri ne. Bari in ba ki misali.

A wani ƙauye na masu shanu, da can a allo ɗaya ake rubuta labarin gari, a zauren wani attajiri. Abin da ya yi masa daɗi ya bari, wanda bai yi masa ba ya sa a wanke. Da mutane suka gaji sai suka yi shawara, gida arba'in kowanne ya ajiye littafi. Duk wanda ya zo da magana a rubuta ta a duka arba'in ɗin, a ƙarƙashin ta jiya, kuma ba a yage shafi. Da wahala kam, don kafin labari ya zaga sai a yini, amma suka jure. Wata rana da rani wani makiyayi ya shayar da garkensa a tafkin da ke bakin gonar attajirin, kafin la'asar shanu biyu sun kumbura sun faɗi. Ya shigo gari yana huci, ya sa aka rubuta cewa kada kowa ya kai dabba tafkin nan, mai gona ya zuba guba. Attajiri ya ce sharri ne, ya bi gida-gida yana lallashi a goge. Gida bakwai suka ji nauyinsa suka goge, talatin da uku suka ƙi. Da aka gwada littattafan, bakwai ɗin suka ji kunya suka mayar. Ba garken da ya ƙara kusantar ruwan, shanun gari suka tsira.

Bayan kwana huɗu aka yashe tafkin, sai ga wata jarkar maganin feshi a fashe cikin laka, wadda ambaliyar bara ta kawo daga wani gari. Ashe attajiri ba shi da hannu. Makiyayi ya gane ya yi kuskure. Ya zaga gidajen nan yana roƙon a bar gargaɗin a cire zargin, aka ce masa ƙa'idar da ta hana mai kuɗi ita ce ta hana shi. Kwana biyu ko tuwo bai iya ci ba. A na uku ya je ya durƙusa gaban attajiri ya ce, "Alhaji, na yi maka ƙazafi, kuma na kasa gogewa." Attajiri ya ce, "Da an goge yadda na so, da nawa shanun ma sun sha. Tashi ka je ka rubuta gaskiya a ƙarƙashin zargin." Makiyayi ya miƙe yana ajiyar zuciya, kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Har yau layukan biyu suna nan, sai dai akan sami malalacin da zai karanta na farko ya rufe littafi.

To, Hajiya, ki kwantar da hankalinki ki bar 'ya'yanki su shiga dandalin, ba mai toshe musu baki a can. Amma ki ja musu kunne su tauna kafin su rubuta, don Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.