Teku a Bakin Taga

Rugugin teku ne ya ta da wani tsoho daga barci, shi da bai taɓa ganin teku ba. Ashe autansa ne ya sayo ƙaton allon kwamfuta don wasanninsa, ya girke shi gaban tagar ɗakin guda ɗaya tilo.

"Baba, kalli! Har ƙwayar yashi ana gani. Ai ya fi lungun nan kyau."

Tun da ƙafafu suka daina ɗaukar tsohon, ta tagar nan mutane ke iso masa. Ya buɗe baki, ya ga murnar auta, ya rufe.

Da safe tsohon ya yi gaisuwar da ya saba ta taga, amma tekun na ta ruri, ya danne muryarsa. Daga bayan allon, maƙwabciya ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Masu gida, yau ina mai gaishe ni?"