Hannun Marini a Gefen Hoto

Matso kusa, malam, ka dubi tsohon hoton nan da kyau. Ka ga jirgin? Fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da wayoyi kamar gadon kara. Wannan shi ne jirgin sama na farko da ya taɓa sauka a wani gari. Ranar kuwa gari ya tashi tsaye. Aka ji ruri daga gabas, kallo ya koma sama, mahauta suka bar nama a kan tebur, masu talla suka ruga da farantai a ka, har liman ya tattare riga ya bi sahu. Kai, ranar an sha gudu!

To, a garin akwai wani marini, maƙwabcin wani mai ɗaukar hoto. Tun da aka fara jita-jitar zuwan jirgin ya hana mai hoton sakat, sai da ya yi masa alkawarin shi zai tsaya jikin farfela, don jikokinsa su gani su san kakansu ba ƙaramin mutum ba ne. Da jirgin ya sauka, mai hoto ya biyo ta marina da akwatinsa mai ƙafa uku a kafaɗa, yana haki, ya ce, "Maƙwabci, taso yanzu, gilashin ɗaukar hoto ɗaya ya rage mini, kuma matuƙin jirgin, mai kawai zai sha ya tashi." Marini ya dubi hannuwansa, shuɗi har gwiwar hannu, ya ce, "Haba, da wannan hannun? Yi gaba, ga ni nan tafe." Ya faɗa gida ya hau dirza, da toka, da lemun tsami, da soso, har fata ta yi zafi. Shuni kuwa ai ba ya jin magiya. Bawan Allah bai san hoton fari da baƙi ne ba, babu mai gane shuɗin hannu a ciki. Ya zumbula babbar riga, ya tsaya naɗin rawani, ya warware, ya sake naɗawa.

Can a fili matuƙi ya fara duba agogo. Mai hoto ya waiga, ya waiga, ba marini ba dalilinsa, sai ya yafito wani mai itace da ke tsaye da jakinsa baki buɗe, ya tsayar da shi jikin farfela, shi kuma ya shige cikin baƙin ƙyallen akwatin hotonsa. Ga mai itacen nan, ƙafa duk ƙura, yana washe haƙora kamar shi ya ƙera jirgin. Yanzu dubi nan, can gefe. Ka ga hannun riga da yatsu biyar a miƙe? Marinin ke nan ya iso a guje, iyakar abin da jikokinsa suka samu ke nan. Wallahi har yau in na duba sai dariya da tausayi su kama ni tare.

Shi ya sa Hausawa suka ce, a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.