Akwatin Ƙauyen Honarabul

"Ko ƙauyenmu ma?" Situma ya daka wa wakilinsa tsawa. "Akwatin ƙauyen da aka haife ni ne ya dawo kusan wayam?"

Sau uku a jere yana lashe kujerar majalisar dokokin gundumarsu a yammacin Kenya. Yau wani matashin malamin makaranta ya kayar da shi da tazara ƙanƙanuwa. Da mutanen ƙauyensa sun fito, da ya tsira.

Ya kira yayansa Khaemba a waya.

"Yaya, kun tozarta ni. Nawa aka ba ku kuka zauna a gida?"

"Sannu, Honarabul," in ji Khaemba, muryarsa a dishe. "Ka manta rumfar zaɓenmu tana tsallaken kogi? Kwana aka yi ana ruwa, kogi ya cika ya batse. Gadar da kake mana alkawari duk zaɓe, har yanzu itace biyu ne aka gitta."

"To shi ne ba wanda ya iya ƙoƙartawa saboda ni?"

Situma ya jiyo koke-koken mata ta cikin wayar.

"Akwai wadda ta ƙoƙarta," in ji Khaemba. "Mun hana ta, ta ce ba za a kunyata ɗanta tana raye ba. Ta ɗauki sandarta ta fita tun da sassafe."

"Mama? Yaya, ina Mama?"

"Ka taho gida, Situma. Ɗazu masunta suka tsamo ta."